Bindigar iska mai ƙarfi da bindigar harsashi: amsa ga manomin da ɓarna ta dama

Tambaya: Wani Alhaji mai noman rani a gefen dam ɗin Sabke, wajen Daura, ya ce gafiya da kurege da hasbiya sun addabi rumbunsa da gonarsa. An yi masa tallar bindigar iska, an ce tana da ƙarfi ƙwarai, ba ta buƙatar lasisi, kuma in ta kama za ta iya tsare gida. Yana so ya san ko ta kai bindigar harsashi, da wadda ya kamata ya nema.

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a noma. Cikin abubuwa ukun da mai tallar ya faɗa maka, biyu ba haka suke ba, kuma su ne masu iya jefa mutum cikin wahala. Da su za mu fara.

Maganar lasisi tukuna. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Na farko su ne haramtattu, irin su mashinga da bindigogin soja da fistol, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu su ne waɗanda mutum zai iya mallaka da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda: bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, da raifil na farauta, da bindigar iska. An ambaci ta iska da sunanta a cikin wannan rukuni. Na uku shi ne bindigar toka da danginta, waɗanda sha'aninsu yake hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ke nan a idon doka bindigar iska da mai baki biyu matsayinsu ɗaya, kuma wanda aka kama da ɗaya daga cikinsu babu lasisi zai iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 5. Ba a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce.

Ruɗanin yana zuwa ne daga bidiyoyin ƙasashen waje. A Ingila babba zai iya riƙe bindigar iska babu lasisi muddin ƙarfinta bai wuce jul 16 ba, a Jamus kuma iyakar jul 7.5 ce. Dokarmu ba ta yi irin wannan rangwame ba, mai rauni da mai ƙarfi duk hukuncinsu ɗaya. Haka nan shigo da ita ta iyakar Kongolam ko ta Magamar Jibiya babu takardu fasa-ƙwaurin makami ne, fistol na iska ma yana cikin kayan da Kwastan ta haramta shigowa da su kwata-kwata. Don haka matakin farko shi ne ka je hedikwatar 'yan sanda ta jiha a Katsina ka tambayi ofishin da ke kula da lasisin bindiga, domin akwai lokutan da rundunar take dakatar da ba da sabon lasisi. Kada ka ba kowa ko sisi sai takarda ta fito, kuma ka saya wurin dillalin da ke da rajista, da rasit mai ɗauke da lambar bindigar. In ta ɓata ko aka sace, doka ta wajabta maka kai rahoto.

Sai maganar ƙarfi. Ana auna ƙarfin harbi da jul, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: nauyin abin da aka harba a kilo, a ninka da gudunsa, a sake ninkawa da gudunsa, a raba biyu. Ƙwayar dalma mai milimita 5.5 nauyinta kusan giram 1 ne. In ta fita da gudun mita 270 a daƙiƙa, ƙarfinta wajen jul 36 ke nan, kuma wannan ita ce ake kira mai ƙarfi a kasuwa. Masu sifirin, wato waɗanda ake karya bututunsu a ɗana, galibi suna tsakanin jul 16 zuwa 30, manyansu su taɓa 40. To harsashin raifil mafi ƙanƙanta da mafarauta suka sani, wato .22, yana ba da jul 140 zuwa 200. Harsashi ɗaya na mai baki biyu, giram 32 na dalma a gudun mita 400, ya haura jul 2,500. Na AK-47 kuwa wajen jul 2,000 ne, yana kuma kisa a nisan mita 300 da fiye. Ka ga waɗannan biyun sun ninka ta iska fiye da sau hamsin.

Wannan lissafi shi ya amsa maganar tsaron gida. Bindigar sifirin galibi ƙwaya ɗaya take ɗauka, sai ka karya ta, ka ɗura, ka rufe, kafin ka sake harbi. Ƙwayar ba ta tsayar da ƙaton mutum da ya taho da mugun nufi. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne kamanninta: doguwa ce, baƙa, da madubin saiti a kai. A halin da ake ciki a yankunan Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa, wanda aka hanga da irin wannan cikin dare, ɓarayin daji za su ɗauke shi mai makami su buɗe masa wuta, jami'an tsaro ma za su iya yi masa kallon ɗan bindiga. Ta jawo masa harbi, ba ta kuma da abin da za ta mayar. Sha'anin tsaron ƙauye a bi da shi ta hannun mai gari da 'yan sanda da rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta kafa a 2023. Akwai manyan bindigogin iska da ake ƙerawa a Amurka masu faɗin baki kusan milimita 12, waɗanda ke kai ɗaruruwan jul, amma harbi kaɗan suke yi iskar ta ragu, ga tsada, ga ƙara. Sojojin Ostiriya ma sun riƙe bindigar iska ta Girandoni daga wajen 1780, suka ajiye ta wajen 1815, saboda cika tukunya ɗaya yana cin bugun famfo kusan 1,500, kuma gyaranta a fagen fama wuya gare shi.

Kada wannan ya sa a raina ta. Ƙwayar dalma tana huda fatar mutum tun daga gudun kusan mita 100 a daƙiƙa, mai ƙarfin kuwa tana fita da kusan ninki uku na haka. In ta sami ido, ko gefen kai inda ƙashi ba shi da kauri, ko wuya, ko tsakanin haƙarƙari, tana kisa, kuma yara ta fi kashewa saboda ana barin ta a jingine a ɗaki ana cewa ai ta iska ce. Hadisin da ya hana nuna wa ɗan'uwa makami ko da wasa ya hau kanta daidai yadda ya hau kan kowace bindiga.

To a ina ta fi ta harsashi? A aikin da ka ambata. Mai baki biyu tana watsa dalma da yawa, shi ya sa ta dace da tsuntsu mai tashi ko zomo mai gudu a cikin mita 30 zuwa 35. Amma ba za ka harba ta cikin sito ko gefen rumbu ba, za ta yayyaga buhuna, ta huda kwano, ta firgita unguwa. Ta iska ƙwaya ɗaya take aikawa wuri ɗaya, ƙararta kaɗan ce, babu albarushi balle hayaƙi, gwangwani ɗaya yana ɗauke da ƙwaya 250 ko 500, kuma naman hasbiya ba ya cika da dalma. Sharaɗinta shi ne dabbar ta tsaya cik, kai kuma ka iya sa ƙwayar a kai. Gafiya da kurege daga mita 10 zuwa 25, hasbiya da kurciya zuwa mita 30 ko 35. Biri da karen daji da duk abin da ya fi zomo girma sun fi ƙarfinta, raunata su kawai za ka yi su tafi su mutu da azaba, wannan kuwa zalunci ne.

Iri uku ake samu. Mai ƙaramar tukunyar gas ta giram 12 ka cire ta daga lissafi: ba ta da ƙarfi, kuma gas ɗin yana rikicewa da zarar zafi ya haura digiri 31, matsinsa ya hau har bawul ya ƙi buɗewa sosai. A Katsina cikin Afrilu ba za ta yi maka aiki ba.

Mai sifirin, wadda ake karyawa, ita muke ba manomi shawara. In ka karya bututun, kana danne wani ƙaton sifirin da fistin a gabansa. Da ka taɓa kunama sai fistin ya ruga gaba ya matse iskar da ke cikin silinda, ita kuma ta tura ƙwayar. Ba ta buƙatar famfo ko wuta, ƙarfin hannunka ne kawai, wajen kilo 15 zuwa 20 a kowace ɗanawa. Gamo ta Sifen, Hatsan ta Turkiyya, Diana da Weihrauch na Jamus duk suna yin irinta. Amma tana da halaye da in ba a sani ba sai a ce bindigar ce ba ta da kyau.

Babbansu shi ne riƙo. Fistin yana motsi tun ƙwayar ba ta bar bututu ba, bindigar tana ja baya sannan ta zabura gaba. In ka ƙanƙame ta yau, gobe ka sassauta, wurin faɗuwar ƙwayar zai riƙa sauyawa. A ɗora gabanta a kan buɗaɗɗen tafin hannu, gindin ya taɓa kafaɗa ba tare da dannawa ba, kuma a riƙe ta wuri ɗaya kullum. Kada a ɗora ta kai tsaye kan katanga ko dutse, a sa hannu ko buhun yashi a tsakani. Wannan zaburar gaba da baya ita ce kuma ke kashe madubin saiti. Madubin da ya jure raifil na harsashi zai iya wargajewa a kan ta sifirin, don haka a nemi wanda aka rubuta cewa an yi shi don bindigar sifirin, da maƙalli mai ɗan ƙarfen da ke hana shi zamewa baya.

Kada a taɓa harba ta babu ƙwaya a ciki. Ƙwayar ce ke tare iskar ta zama matashi ga fistin, in babu ita sai ya daki ƙarshen silinda, robar kansa ta fashe, sifirin ya karye. Kada kuma a ɗiga baƙin mai ko man keken ɗinki a ramin da iska ke fitowa. Matsin yana zafafa iskar har man ya kama wuta kamar a injin dizal, ka ji ƙara mai ƙarfi, ka ga hayaƙi, robar ta ƙone. Wasu suna yin haka da gangan wai don ƙarin ƙarfi, sai bindiga ta mutu cikin ɗan lokaci. Man silikon da aka yi don wannan aiki kaɗai ake sawa, ɗigo ɗaya ko biyu, bayan harbi dubu ko fiye. Wajen ɗurawa, hannu ɗaya ya riƙe bututun gam har a gama, gindin yana kan cinya, yatsa nesa da kunama. In abin da ke riƙe fistin ya kuɓuce, bututun yana komawa da ƙarfin da zai datse yatsa ya kuma lanƙwashe. Ba a barin ta a ɗane ta kwana, sifirin yana sanyi. In saiti ya fara yawo, kafin ka zargi madubi ka duba sukurori ukun da suka haɗa ƙarfen da ƙota, biyu a gaba ɗaya wajen kunama, don girgiza tana kwance su. In ƙarfi ya ragu, ka duba zoben robar da ke inda bututu yake haɗuwa da silinda: ɗora 'yar takarda mai laushi a wurin ka harba cikin buhun yashi, in ta tashi to iska na tsiyaya, a sauya zoben.

Ta uku ita ce mai tukunyar iska, wadda ake kira PCP. Ita ce mafi daɗin harbi: ba ta girgiza, tana da gidan ƙwaya mai ɗaukar 10 ko fiye, kuma mai milimita 5.5 tana ba da jul 40 zuwa 55 da harbi 30 zuwa 60 a cikawa ɗaya. Matsalarta iskar ce. Ana cika tukunyar zuwa bar 200 ko 250, wasu har 300. Tayar mota bar 2 da 'yan kai take ɗauka, injin mai faci kuma da wuya ya wuce bar 10, saboda haka ba zai cika ta ba ko an kwana ana yi. Sai famfon hannu na musamman, ko injin matsa iska da aka yi don ita. Da famfon hannu ana yin bugu ɗari ko fiye don mayar da abin da aka harbe, a riƙa hutawa bayan kamar minti 5 domin famfon ya huce, in ba haka ba robobinsa su ƙone. Kafin a cire tiyo, a buɗe sukurun da ke sakin iskar da ta rage a cikinsa.

A nan akwai gargaɗin da muke so kowa ya isar wa na kusa da shi. Kada a taɓa cika ta da iskar oksijin ta tukunyar mai walda ko ta asibiti. Oksijin mai matsi in ya haɗu da ɗigon mai ko giris yana kamawa nan take, tukunyar ta tarwatse a hannun mai cikawa. Busasshiyar iska ko naitirojin kaɗai. Saboda dalili makamancin wannan, giris na mota ba ya zuwa kusa da bawul ko bakin cikawa, sai na silikon. Zafi ma abin lura ne: tukunyar da aka cika bar 230 da sanyin safiya, in aka bar ta cikin mota a rufe har ta kai digiri 65, matsin zai hau zuwa wajen 260. Kuma cika ta fiye da abin da aka rubuta a jikinta ba ya ƙara ƙarfi, rage shi yake, domin gudumar ciki ta kasa buɗe bawul sosai. Da damina famfo yana tura laima cikin tukunya, tsatsa ta ci ta daga ciki inda ido ba ya gani, don haka a sa matacin laima a bakin famfon. A ajiye ta da sauran iska a ciki don robobi su zauna daram. In agogon yana sauka da kansa, a shafa ruwan sabulu a mahaɗai a ga inda yake kumfa. Tukunyar da ta lotsa ko ta yi tsatsa an gama da ita, ba a walda, ba a hudawa, ba a kwance ta da iska a ciki. Wanda yake ƙauye, nesa da mai kayan gyara, zoben roba guda zai iya ajiye masa wannan bindiga wata da watanni, shi ya sa muka fifita maka ta sifirin.

Wajen faɗin baki, milimita 4.5 nauyin ƙwayarta kusan rabin giram ne, tana tafiya a miƙe, ita ake amfani da ita a gasar Olamfik ta mita 10, amma iska tana kaɗa ta kuma takan ratsa dabba ta wuce. Don gafiya da hasbiya 5.5 ta fi. Kada lambar da ke jikin kwali ta ja ka, irin "ƙafa 1,200 a daƙiƙa". Da ƙwaya marar nauyi ake auna wannan, kuma ƙwaya mai siffar ƙugu in ta kusanci gudun sauti, wajen mita 340 zuwa 350 a daƙiƙa, sai ta fara tangaɗi. A gudun mita 240 zuwa 280 a daƙiƙa ne take tafiya lafiya. Mai zagayayyen kai ta fi mai tsini daidaito. Kowane bututu da ƙwayar da yake so, sai a gwada iri biyu ko uku, irin na kamfanin JSB ko H&N, a tsaya kan wadda ta fi taruwa wuri ɗaya. Wadda bakin siket ɗinta, wato buɗaɗɗen bayanta, ya lotsa a ware ta gefe.

Ga yadda ake saiti. A sami tebur da buhun yashi, a kafa takarda a gaban ginin ƙasa mai kauri ko tarin buhunan yashi. A fara daga mita 10 don a ga inda take faɗuwa, sannan a koma mita 25. A harba biyar ana nufin ɗigo ɗaya, a duba tsakiyar inda suka taru, a juya madubin gwargwadon haka. A yawancin madubai ƙas ɗaya na sukurun saiti yana matsar da ƙwaya kusan milimita 2 a mita 25, ke nan kuskuren santimita 2 yana son ƙas 10 ko 11. Sabuwar ta sifirin sai ta yi 'yan ɗaruruwan harbi kafin ta natsu. Ka tuna ƙwayar tana lanƙwasowa ƙasa da sauri: kafin ta kai mita 50 ta sauka kusan santimita 20 daga layin bututu, iskar hunturu kuma tana iya kautar da ita faɗin yatsu uku ko huɗu. Sai ka iya tara biyar cikin faɗin murfin kwalba a nisan da kake son harbi sannan ka nufi mai rai. A takarda ake koyo, don Annabi (SAW) ya hana mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Abin da za a ci a ambaci sunan Allah, in an tarar da shi da rai a yanka.

Kafin kowane harbi ka san abin da ke bayan dabbar. Zana ba ta tare komai, kwanon rufi ƙwayar tana huda shi, bulo da dutse suna mayar da ita baya, a kan ruwan dam kuma takan yi tsalle ta ci gaba. Wadda aka harba sama ta kuskure tsuntsu tana iya tafiya mita 300 zuwa 400, a gonar rani kuwa ba a rasa mai ban-ruwa ko yaro mai kiwo a wannan tazara.

Shara ba ta da yawa, tunda babu albarushin da ke cin ƙarfe kamar a bindigar toka. Ƙurar hunturu ce abokiyar gaba: a ajiye ta cikin jaka, a goge ƙarfen waje da tsumma mai ɗan mai bayan an taɓa, bututun kuma a ja ɗan ƙyalle da zare daga baya zuwa baki idan saiti ya fara lalacewa. Ruwan wanke bindigar harsashi yana cinye robobi, kada a sa. A kulle ta a akwati babu ƙwaya a ciki, gwangwanin ƙwaya a wani wurin daban. Dalma guba ce, mun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, don haka ba a riƙe ƙwaya a baki, a wanke hannu kafin cin abinci, a kuma tsince waɗanda suka faɗi kusa da hatsi ko inda kaji ke kiwo. Ɓeran da aka kashe a ɗauke shi da shebur a binne, saboda zazzaɓin Lassa.

Ɓera da gafiya da dare suke fita, kuma suna haihuwa fiye da yadda mutum ɗaya zai harbe. Toshe ramuka, ɗaga buhuna kan katako nesa da bango, naɗa kwano mai santsi a ƙafafun rumbu, da jera tarko a bin bango su za su rage yawancinsu, bindigar ta ɗauke 'yan tsirarun da suka gane tarko. Ungulu da gauraka da shamuwa ba a harbinsu. In kuwa jan-baki ne ya sauka a gero ko shinkafa, garkensu dubbai ne, babu bindigar da za ta yi maganinsu, sai a gano inda suke kwana a sanar da malamin gona na ƙaramar hukuma da wuri domin a shirya feshi.